Kafin Ka Fara Haɗa Abincin Kaji da Raguna, Ka San Abin da Ke Cikin Buhu

Wani ɗan kasuwa da ke sayar da hatsi da dusa a Kawo, nan Kaduna, ya aiko da tambaya. Ya ce ya tara Naira miliyan uku, kuma masu kiwon kaji na unguwa da masu turkar raguna suna ta tambayarsa ko yana da haɗaɗɗen abinci. Yana so ya fara haɗawa da kansa. Ya turo farashin da yake samun kaya a kan kowane kilo: kek ɗin waken suya (abin da ke saura bayan an tatse mai) ₦700, kek ɗin gyaɗa ₦600, dusar alkama ₦250, dusar shinkafa ₦120. Wani abokinsa ya ba shi shawara ya rage waken suya, ya cike gurbin da dusar shinkafa da kek ɗin angurya, don buhunsa ya fi na kamfani araha. Tambayarsa: ya bi wannan shawara? Kuma ya sayi injin niƙa da na cakuɗawa tun yanzu?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amsa a taƙaice ita ce kada ka bi shawarar abokin nan a abincin kaji, kuma kada ka sayi inji bana. Amma na fi so ka ga dalilin da idonka, domin gobe wani zai zo maka da wata dabarar, ni kuma ba na wurin.

A sana'ar hatsi da ka saba, mudu da buhu ake saye. A abincin dabbobi kuwa, buhu mazubi ne kawai. Mai kaji yana biyan kuɗin abubuwa uku da ke ciki: kuzari, da furotin mai gina jiki, da sinadaran ƙashi da ɓawon ƙwai. Masara ce uwar kuzari, amma furotin ɗinta bai wuce kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari ba. Kek ɗin waken suya mai kyau yana kai kashi 44 ko sama da haka. Kek ɗin gyaɗa yana tsakanin 40 da 45. Dusar alkama tana da kamar 15 zuwa 17, dusar masara 10 zuwa 11. Dusar shinkafa ita ce mai ruɗi: tsantsarta, wadda aka raba da ɓuntu, tana kai 12, amma irin wadda ƙananan injinan casa ke fitarwa a cakuɗe da ɓuntu ba ta cika wuce 5 ko 6 ba. A ₦120, na san wacce ake ba ka.

To ɗauko biro. Ka raba farashin kilo da yawan furotin da ke cikinsa. Waken suya: 700 a raba da 0.44, kilon furotin ya tsaya maka kusan ₦1,590. Kek ɗin gyaɗa, idan muka ɗauka 42 ne: kusan ₦1,430. Dusar alkama a kan 16: kusan ₦1,560. Dusar shinkafa mai ɓuntu a kan 6: ₦2,000 cif. Kayan da ka ɗauka shi ne mafi araha, shi ne mafi tsada a jerin naka. Kuma wannan kafin a zo maganar cewa kaza ba ta narkar da ɓuntu, cikinta kawai yake cikawa ya hana ta cin abin da zai amfane ta.

Kaza mai ƙwai tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a rana. Cikinta ke nan, ba ta da wurin ƙari. A cikin wannan ɗan abin dole ta samu furotin kashi 16 zuwa 17, da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4, in ba haka ba ƙwai ya ragu ko ɓawonsa ya yi laushi. Kajin nama sun fi ta buƙatar furotin: 'yan tsaki kashi 22 zuwa 23, masu girma kusan 19 zuwa 20.

Ga misalin kilo 100 na kajin ƙwai, don ka ga yadda lissafin ke tafiya: masara 55, kek ɗin waken suya 17, kek ɗin gyaɗa 6, dusar alkama 10, garin farin dutse da ake kira laimiston 8 da rabi, garin ƙashi 2 da rabi, sai kilo ɗaya da ya rage na gishiri da firimis (haɗin bitamin da ma'adinai) da laisin da metiyonin (sinadaran furotin da zan yi bayaninsu a gaba). Idan ka ninka kowanne da furotin ɗinsa ka tara, za ka samu wajen 16.5. Yanzu bi shawarar abokinka: cire kilo 7 na waken suya ka zuba dusar shinkafa. Furotin ya faɗo ƙasa da 14. Abin da ka tsira da shi ₦4,060 ne a kilo 100, wato ₦1,000 da 'yan kai a buhu mai kilo 25. Mai kaji 200 kusan buhu ɗaya yake ƙararwa a rana. Ko rabin kiret ya rasa a kullum, ka fi ni sanin kuɗin kiret a Kaduna yau, asararsa ta wuce abin da ka rage masa. Kaza ba ta ɓoye sirrin mai abinci. Mako biyu ya isa, kuma mai kiwon ba shi kaɗai zai tafi ba, da duk waɗanda yake hira da su zai tafi.

Za ka ce tunda gyaɗa ta fi araha a lissafin, me ya hana a bar waken suya gaba ɗaya? Furotin iri-iri ne. Akwai wasu ƙananan sinadarai a cikinsa da jikin kaza ba ya iya haɗawa, sai ta ci. Biyu ne suka fi damun mai haɗa abinci: laisin da metiyonin. Masara ba ta da laisin sosai, gyaɗa ma haka, waken suya ne ke cike wannan giɓin. Shi ya sa ake sa gyaɗa ta taimaka, ba ta gaji wurin ba. Sannan gyaɗa da masara su ne fumfuna mai haifar da gubar afulatoksin ta fi kamawa. Gubar tana lalata hanta, tana rage ƙwai, tana sa rigakafi ya ƙi aiki yadda ya kamata, kuma zafin wuta ba ya kashe ta. Kek ɗin da ya yi baƙi-baƙi, ko yake warin rima, ko ya dunƙule, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Idan za ka sayi ɗanyen waken suya a wurin manoma lokacin kaka, ka sani ba a ba kaji shi ɗanye. Yana da wani sinadari da ke hana narkar da furotin, sai an soya shi ko an turara. A soya sama-sama gubar na nan, a ƙona shi kuma laisin ya tafi. Wanda ba a tatse mansa ba yana da furotin wajen 36 zuwa 38 da mai kusan 18, abinci ne mai kyau ga kajin nama, amma da an niƙa ba ya jimirin ajiya a zafin Maris da Afrilu.

Angurya kuwa, abokinka bai yi kuskuren kayan ba, dabbar ya ɓata. Kek ɗin angurya yana ɗauke da gosifol, wanda ke cutar da kaji, har kwanduwar ƙwai yake ɓata wa launi idan ƙwan ya kwana biyu. Amma babban rago da sa suna da tumbin da ke rage masa kaifi, kuma tun kakanni da angurya ake turka. Nan ne nake ganin ƙofar cinikinka ta farko. Abincin turka bai da tsananin awo irin na kaji. Dusar alkama ko ta masara, da kek ɗin angurya, da ƙowar wake, da gishiri, mai ragon ya ƙara da harawa. Ko dusar shinkafar taka tana iya shiga nan kaɗan. Abu biyu kawai nake roƙon ka kiyaye, domin na ga yadda suke kashe wa mutane jari ana saura 'yan makonni Sallah. Na farko, dusa tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, kuma ragon da ke cin dusa zalla yakan yi tsakuwa a mafitsara ya kasa fitsari. Ɗan garin laimiston a cikin haɗin, da ruwan sha wadatacce, suna rage wannan. Na biyu, ka riƙa gaya wa mai saye ya shigar da sabon abinci sannu a hankali cikin mako ɗaya ko biyu. Ragon da aka kawo daga ƙauye yana cin ciyawa, aka tula masa hatsi rana ɗaya, cikinsa zai yi tsami ya kumbura. Kuma kada ka zuba wa tumaki firimis ɗin da ba nasu ba, domin sinadarin tagulla da ke cikin na wasu dabbobi yana taruwa a hantar tunkiya.

Wani abin da ke ƙona mini rai a wannan kasuwa shi ne algus, kuma sabon shiga shi ake fara yi wa. Ana zuba yashi a garin kifi da garin ƙashi, ana niƙa ɓuntu a cakuɗa da dusar alkama. Ka ajiye kofin gilashi a shago. Zuba ruwa, zuba ɗan kayan, ka juya: yashi zai kwanta a ƙasa, ɓuntu ya taso sama. Akwai wanda ya fi wannan wayo. A ɗakin gwaji, naitirojin ake aunawa a ninka da 6.25 a ce ga furotin. Takin yuriya kuwa kashi 46 nasa naitirojin ne, don haka ɗan kaɗan a garin kifi sai takarda ta nuna lamba mai kyau, alhali kaza ba ta da abin da za ta yi da shi sai cuta. Saboda haka ka riƙe dillali ɗaya ko biyu da ka san inda suke kwana, ka bar bin duk wanda ya rage maka Naira hamsin.

Allah ya yi ka a jihar da ta dace da sana'ar. Masara na fitowa daga Saminaka da Giwa da Soba, waken suya ma ana nomansa a jihar, Funtuwa ta auduga ba nisa. A Shika, kusa da Zariya, akwai cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda suka fito da kazar Shika Brown. Tafiyar da za ka yi ka dawo ka tarar da azahar ce. Ka ɗebi samfurin kayanka da haɗinka ka kai wa masana abincin dabbobi su duba, kafin ka sayar wa kowa. Kuɗin gwajin bai kai asarar kwastoma ɗaya ba. Amma ka tuna ba kai kaɗai ke bin masarar nan ba. Tun da Olam ya buɗe katafaren kamfanin abincin kaji a Chikun a 2017, ga sauran manyan masu saye daga kudu, kowa a kaka yake cika rumbu. Ba za ka kayar da su a farashi ba, suna saye da tirela kana saye da buhu. Inda za ka fi su shi ne kusanci: matar da ke da kaji talatin a Unguwar Dosa ko Hayin Banki tana son kilo biyar sabon niƙa, da wanda zai saurari kukanta idan ƙwai ya ragu.

Da ni ne da miliyan ukun nan, kusan rabi zan sa a masara da waken suya tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da kaya suka bushe farashi kuma bai tashi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai masarar farkon kaka tana da danshi, kuma wadda za a ajiye bai kamata ta wuce kashi 13 ba. Ka ciza, in ba ta ce ƙas ba, ka bar ta. Wata dabarar: zuba ƙwayoyin a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza, ka bar ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran ruwa. Buhuna a kan katako, nesa da bango. Dawa ma tana iya maye wani ɓangare na masara idan ta fi araha, musamman farafara da kaura. Ja mai ɗaci-ɗaci ce ke rage wa kaza amfanin abinci. Ka kuma sani farar masara da dawa suna sa kwanduwa ta yi fari-fari, ƙwan lafiyarsa lau, amma wasu masu saye ba sa so, don haka in ka samu masara mai ruwan ɗorawa ka riƙa gaurayawa.

Kashi ɗaya cikin huɗu zan bari na kayan da ba a tarawa: dusa, kek, firimis. Su ana juya su ne duk mako biyu ko uku. Firimis yana da ranar lalacewa a jikinsa, ka duba, kuma kada rana ta riƙa dukansa. Sauran kuɗin ya zauna a hannu. Masu kiwo za su nemi bashi, "sai na sayar da ƙwai", kuma wasunsu mutanen kirki ne da cutar kaji za ta iya share musu keji cikin kwana uku. Ka yanke tun yau iyakar bashin da za ka iya ɗauka, ka rubuta, kada ka bar wa kunya ta yanke maka a bakin shago.

Inji kuwa, akwai masu niƙa da cakuɗawa a kan kuɗi kaɗan a gari. Ka kai kayanka, ka tsaya a kai har a ɗinke buhu. Inji na kanka yana zuwa da kuɗin wuta, da dizal, da mai gyara, kuma zai cinye kuɗin masarar da ita ce ribarka ta gaske. Abin da za ka saya gobe shi ne sikeli biyu: babba na buhu, da ƙarami mai auna giram, domin firimis da metiyonin ba a auna su da gwangwani. Ƙananan kayan nan ka fara cakuɗa su da kilo biyu ko uku na dusa kafin ka juye cikin babban haɗi, in ba haka ba wani buhu ya kwashe duka wani ya tashi fayau. Ranar da ka fara sa suna a buhu kana sayarwa da yawa, ka je ka yi rajista da NAFDAC da hukumar masana kimiyyar dabbobi ta ƙasa.

Kafin nan, ka sayi kaji ashirin masu ƙwai ka ajiye a bayan gida. Goma su ci haɗinka, goma su ci na kamfanin da masu kiwon Kawo suka fi saye. Ka riƙa rubuta ƙwan kowane ɓangare da abincin da suka ci har tsawon mako shida, sannan ka turo mini lambobin mu duba tare.