Mai Wurno da Jirgin Ƙasan Sannar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Dattawanmu na cewa jirgin ƙasa ne ya kafa garin Mai Wurno da ke ƙasar Sudan. Gaskiya ne? Kuma me ya sa yanzu ba a jin ɗuriyar jirgin? Daga wani mai karatu a Gadarif.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Garin ya girmi layin dogon. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a. Sun fara sauka a garin Shehu Talha, daga baya suka tsallaka kogin Nilu Shuɗi suka kafa nasu gari, kudu da Sannar. A lokacin dogo bai ma baro Khartum zuwa kudu ba, sai wajajen 1910 ya ratsa Madani da Sannar.

Amma dattawa ba su yi ƙarya ba, domin jirgin ne ya sa noma ya zama kuɗi. Da aka gama madatsar Sannar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, mutanenmu suka samu aikin tsinkar auduga. A 1929 kuma aka haɗe Sannar da Gadarif da Kasala, dogon ya bi ta kan madatsar kanta. Manomi ya kai buhunan dawa ko riɗi tasha, a ɗora a sikeli, 'yan dako su loda a tarago, sai Port Sudan. Maniyyata ma a wancan lokacin wannan hanya suke bi zuwa bakin teku.

Lalacewar kuwa, tushenta ƙasar wurin. Baƙar laka ce: da rani ta tsage har hannu ya shiga, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Katakon da ke ƙarƙashin dogo sai ya nutse ta gefe guda, ƙarfen ya karkace, ga gara na cin katakon. Faɗin dogon milimita 1,067 ne kacal, kuma layi ɗaya ne, don haka tarago guda in ya goce, an tsaya ke nan daga kowane ɓangare har sai an ɗaga shi. Irin wannan ƙasa kowace shekara take son gyara bayan ɗaukewar ruwa, abin takaici aka yi ta sakaci. Da kwalta ta haɗa Madani da Gadarif da Port Sudan wajajen 1980, 'yan kasuwa suka koma wa manyan motoci, tunda mota har bakin gona take zuwa ɗaukar kaya.