Tambayoyinku: In kai jaket ɗin mahaifina a tsuke mini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 27. Na gaji wata rigar fata daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Ruwan ƙasa ce, mai nauyi, gajera, iyakarta ƙugu, da saƙar ulu a bakin hannu da gindi, da manyan aljihuna biyu masu marfi a gaba. Ina sonta ƙwarai. Sai dai mujallun kwalliyar maza da nake karantawa cewa suke rigar fata ta kirki baƙa ce, mai laushi, ta fatar ɗan rago, wadda ta kama jiki. Ga shi kuma in na sa ta Baba, rigata ta ciki sai ta leƙo ta ƙasa. Na yi niyyar in ba tela ya tsuke ta, ya cire ulun, sannan a rina ta baƙa. Me ka gani?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Ƙanena, don Allah kada ka kai rigar nan wurin tela, kada kuma ka yarda rini ya taɓa ta.

Fata ba yadi ba ce. In aka warware ɗinki a yadi, zare yakan koma mazauninsa, guga ta share sauran. A fata kuwa, duk inda allura ta ratsa ya zama rami har abada. Ina saurayi na sayi wata rigar fatar akuya ta masu babur, na ga kamar hannun ya yi mini tsawo, na sa aka rage. Ranar da na hau babur na miƙa hannu na kama kansa, sai ga wuyan hannuna a fili, iska na zuba har gwiwar hannu. Ashe tsawon da na yanke domin wannan miƙewar aka yi shi. An fi shekara ashirin, amma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Siffar da ka ba ni ta ɗinkin da ake kira A-2 ce. A 1931 sashen jiragen sama na sojan Amurka ya tsayar da ita a matsayin rigar matuƙa. Da fatar doki aka fara, da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi aka haɗa da ta akuya da ta saniya. A 1943 suka karkata ga rigunan yadi, sai a 1988 aka maido wa matuƙa da ita. Ko ta Baba ta wancan zamani ce, ko cikin dubban da aka kwaikwaya daga baya, tsarin ɗaya ne. Don ka gane wacce ce, duba ƙyallen da aka ɗinke a ƙeyar wuya, ka kuma duba kan zif ɗin: tsofaffin sukan zo da sunan Talon ko Conmar ko Crown.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, kowane abu da kake gani aibi ne a jikinta yana da dalili. Gajartar, saboda matuƙi a zaune yake aiki, cikin wuri matsattse. Doguwar riga za ta tattaru masa a cinya ta hana shi sakat. Ulun da kake son cirewa shi ke toshe iska, domin lokacin da aka tsara ta jirage da yawa a buɗe suke ta sama, sanyi na dukan mutum kai tsaye. Maɓallan da ke danne kwala, don kada iska ta riƙa marinsa da ita. Yalwar ƙirjin, don a sa riga da suwaita a ciki. Haka abin yake ga 'yar'uwarta ta masu babur, Perfecto, wadda Irving Schott ya fitar a New York a 1928: zif ɗinta ya karkace ne don fata ta ninku biyu a ƙirji ta tare iska, bayanta kuma aka yi masa naɗi a kafaɗa don hannu ya kai gaba ba tare da rigar ta ɗage ba. Masu aiki aka ɗinka wa waɗannan riguna, kyan ya biyo baya.

Su kuwa mujallu, na daɗe ina karanta su, kuma na ga sau nawa maganarsu ta juya. A shekarun 1980 faffaɗar kafaɗa ake yayi, riga burmeme. Daga 2000, da mai zana tufafi Hedi Slimane ya karɓi ragamar kayan maza a kamfanin Dior na Faransa, sai komai ya tsuke, aka shafe shekaru ana cewa duk abin da bai ɗame jiki ba kuskure ne. Yanzu ga yalwa ta sake dawowa. Ban ce ƙarya suke yi ba. Mujalla dole ta fito da sabon zance a kowane bugu, masu talla a cikinta kuma dole su sayar da kayan bana, don haka abin da take gaya maka shi ne abin da ke kasuwa yau. Yayi na shekara biyar ne ko goma. Yankan da tela zai yi ba ya da ranar ƙarewa.

Batun fatar ɗan rago ma haka ne. Tana da daɗin taɓawa ranar farko, shi ya sa take saurin shiga zuciyar mai saye. Amma siririya ce, tana saki a gwiwar hannu, ƙusa ɗaya kuma ta isa ta farka ta. Fatar doki takan yi watanni tana gardama da mutum kafin ta kwanta masa. Taka ta riga ta wuce wannan, Baba ya gama maka wahalar. Koɗewar da kake gani a bakin aljihu da lanƙwasar hannu sawun jikinsa ne. Akwai kamfanoni irin su Eastman a Ingila, da Aero a Sukotlan, da The Real McCoy's a Japan, da ke kwaikwayon waɗannan riguna ɗinki bayan ɗinki, masu sayensu kuma suna shekaru suna sawa kullum don su samu wannan launi da kake shirin shafewa da baƙi. Ga shi rinin da aka ɗora a kan tsohuwar fata yakan tsattsage a wuraren lanƙwasa, tsohon launin ya riƙa leƙowa.

Wuri guda na yarda da mujallu ɗari bisa ɗari: kafaɗa. Ɗinkin da ya haɗa hannu da jiki ya kamata ya zauna a kan ƙashin kafaɗarka. Sa riga ɗaya a ciki, ja zif, ka rungume kanka. In ka iya ba tare da bayan ya ja ka ba, kuma ɗinkin bai zubo ƙasa sosai ba, to taka ce. In ta yi maka yawa ƙwarai, adana ta, ka ba ƙani ko ɗa da za ta zauna masa.

Leƙowar rigar ciki kuwa laifin wandonka ne. Lokacin da aka tsara A-2, a cibiya maza ke ɗaura wando. Na yanzu a kan kwatangwalo suke tsayawa, shi ne giɓin da kake gani. Nemi wando mai dogon ƙugu, mai miƙaƙƙiyar ƙafa, ka cusa rigarka a ciki, sannan ka sake duba madubi. Gyara ɗaya kawai na amince da shi: in asu ya ci ulun ko shafin ciki ya yage, a sake su, a wurin baduku wanda zai bi ramukan allurar farko.

TAMBAYA: Malam, na ajiye rigar fatata cikin leda wata shida, na fito da ita duk funfuna. Ta lalace ke nan?

AMSA: Ba ta lalace ba, ɗan'uwa, amma ledar ce ta jawo, domin ta kulle danshi a ciki. Fitar da ita waje ka kakkaɓe da burushi mai laushi. Sai ka gauraya ruwa da ɗan farin khal, ka jiƙa tsumma ka matse sosai, ka fara gwadawa a ɓoyayyen wuri kamar ƙarƙashin kwala, sannan ka goge sauran. A inuwa za ta bushe, inda iska ke wucewa. Rana da wuta suna ƙandarar da fata. Bayan kwana biyu ka shafa mata man fata kaɗan, ka rataye ta a hanga mai faɗin kafaɗa, ka lulluɓe da tsohon zanen auduga.