Kafin ka biya kuɗin fili a gefen tsauni, sayi diga tukuna

Tambaya: Malam, an yi mini tallar wani fili mai kadada uku a gefen tsauni, daji ne mai manyan itatuwa. Ƙasar baƙa wuluk, ga laushi, sai dai tsakuwa da duwatsu sun yi mata yawa. Kuɗinsa bai kai rabin na fili a kwari ba. Dillali ya ce baƙar ƙasa ba ta ba mai ita kunya. A takardar binciken da ya nuna mini an rubuta "Leftosol". In saya in sare itatuwan in yi noma?

Amsa: Ɗan'uwa, takardar nan ta fi dillalin gaskiya, sai dai ta yi maka magana da yaren da ba ka ji. Leftosol suna ne daga tsarin rarraba ƙasa na duniya da aka fara fitarwa a 1998, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa. Asalin kalmar Girkanci ne, ma'anarta siriri. Ana ba ƙasa wannan suna idan mai haƙa ya ci karo da fa kafin ya wuce santimita 25, ko kuma idan duwatsu sun cika ta har ainihin ƙasar ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba a santimita 75 na sama. Ba baƙuwa ba ce: ta rufe sama da kadada biliyan ɗaya da rabi, babu wani rukunin ƙasa da ya kai ta faɗi a doron duniya, kuma galibinta a tsaunuka da hamada take.

Baƙin da ka gani na gaske ne, amma aro ne daga itatuwan. Shekara da shekaru ganye na zuba yana ruɓewa, saiwoyi suna zaƙulo abinci daga tsagar dutse su mayar da shi sama ta hanyar ganyen. Sakamakon shi ne wannan baƙar shimfiɗa, wadda sau da yawa kaurinta bai wuce tafin hannu ba. Ranar da ka sare dajin ka yanke mata hanyar abinci, ka kuma cire mata laima. Rana ta gasa ta, ruwan sama ya doke ta kai tsaye, gangare ya kwashe ta. Za ka ji daɗin shekarar farko, wataƙila da ta biyu. Daga nan sai ka riƙa ganin duwatsu suna "tsirowa". Ba tsirowa suke ba, ƙasar da ke kansu ce ta yi gaba.

Abin da ya fi damuna ma ba taki ba ne, ruwa ne. Ƙasa mai matsakaicin laka da yashi tana ajiye wa shuka ruwa kimanin milimita 15 a kowane santimita 10 na zurfi. Mai zurfin mita guda ke nan tana da wajen 150. Taka kuwa, mu ƙaddara zurfinta santimita 30 ne, rabinta dutse: abin da ya rage wajen milimita 22 ne kawai. Shuka mai girma na iya shan milimita 5 a rana mai zafi. Ka yi lissafin da kanka. Maƙwabcinka na kwari zai jure wajen wata guda ba ruwa, kai kwana biyar ganye ya fara lanƙwashewa. Buhun taki ba ya gyara wannan.

To, kada ka yi cinikin biri a sama. Ɗauki diga da shebur, ka roƙi izinin mai filin, ka haƙa ramuka aƙalla uku a kowace kadada: sama, tsakiya da gindin gangare. Ƙasar tsauni ba ta da alƙawari, taku ashirin kaɗai sai ta sauya. Takarda takan ba fili duka suna ɗaya, alhali a gindin gangare, inda abin da ya zaizayo daga sama ke taruwa, ana iya samun wata mai zurfi da ake kira Kambisol, wadda a ƙarƙashin baƙin za ka ga wani sashi ja ko ruwan ƙasa da ya fara nuna. Irin wannan tana nomuwa. A kowane rami duba inda digarka ta tsaya, da inda saiwoyi suka tsaya, da ko dutsen ƙasan dunƙulalle ne ko mai tsage-tsage. Mai tsaga saiwar itace na ratsa shi ta sha ruwa, shi ya sa ake ganin ƙaton itace a kan ƙasar da ba ta kai kamu ɗaya ba, mai saye ya ruɗu.

Idan mafi yawan ramukan sun wuce santimita 50, saya, ka noma gindin, ka bar itatuwan sama. Idan ba su kai ba, filin na itace ne da zuma da kiwo kaɗan. Da wannan niyyar ciniki ne mai kyau. Da niyyar hatsi kuwa, ƙara kuɗi ka sauka kwari.

Tambaya: Ina da ƙaramin lambu a irin wannan wuri. In sayi ƙaramar na'urar nan mai tsinke da ake sokawa a ƙasa don auna tsaminta, ko in kai samfur ɗakin gwaji?

Amsa: 'Yar'uwa, ajiye kuɗinki. Tsinken na buƙatar ya manne da ƙasa mai danshi, a cikin tsakuwa kuwa iska da dutse yake taɓawa, ya ba ki lambar da ya ga dama. Takardar gwajin tsami mai sauya launi ta fi shi amana, kuma ba tsada. Ƙasar dajin tsauni mai yawan ruwan sama takan yi tsami, pH ɗinta, wato lambar awon tsami, ya sauka ƙasa da 5.5, amma wadda ke kan dutsen farar ƙasa takan kai 7 ko ta haura. Ɗiga ruwan khal a kan dutsen: in ya yi kumfa, kada ki sayi farar ƙasa don rage tsami, kina da ita kyauta.

In za ki kai ɗakin gwaji, ki san abu ɗaya. Suna tankaɗe samfur da rariya mai ƙofar milimita 2, abin da ya wuce kaɗai suke aunawa. Sakamakon zai yi kyau a takarda, amma bai san rabin lambunki dutse ba ne. Ki auna wannan da kanki: haƙa ɗan rami, shimfiɗa leda a ciki, ki ƙirga litar ruwan da ta cika shi. Sai ki zuba duwatsun da suka fito a bokitin ruwa cikakke, ki auna abin da ya malale. Kwatanta shi da litar ramin, sai ki san kason dutse a lambunki. A tsarin rarraba ƙasa na Amurka, wanda ya fito a 1975, da zarar duwatsu sun kai kashi 35 cikin 100 ana saka ƙasar a ajin masu "ƙashi", wato dutse ne ginshiƙinta.

Tambaya: In ɗauki hayar lebura su tsince mini duwatsun gona gaba ɗaya?

Amsa: Manyan da ke karya garma, e. Ka jera su layi-layi a gicciye da gangaren, su tare ƙasar da ruwa ke ja. Ƙananan da ke kwance a sama kuwa ka bar su, suna karɓar dukan ruwan sama a madadin ƙasar, suna kuma rage bushewarta. Ɗaga ɗaya da tsakar rana ka taɓa ƙarƙashinsa kafin ka yi jinga da kowa.