Littafi a Cikin Waya: Tambayoyinku da Amsoshinsu

Saƙonnin wannan karon sun karkata kan karatun littafi a waya da kwamfuta, daga masu bin labaran binciken kisa zuwa masu soyayya, almara da tarihi. Na haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Malam, na sauke wani littafin tarihi mai shafi sama da 600. Rubutun ƙanana ne kamar sawun tururuwa, in na buɗa shi da yatsu biyu kuma sai in yi ta jan shafin dama da hagu. Wayata ce matsalar ko littafin?

Ɗan'uwa, wayarka lafiyarta ƙalau. Duba ƙarshen sunan fayil ɗin, na tabbata PDF za ka gani. Kamfanin Adobe ne ya fito da PDF a 1993, kuma manufarsa ita ce shafi ya fito daidai yadda aka tsara shi don bugawa a takarda, ko a wace na'ura aka buɗe shi. Shi ya sa ba ya lanƙwasuwa. Shafin da aka yanka wa faɗin takarda kake ƙoƙarin cusawa cikin fuskar da ba ta wuce tafin hannunka ba.

Abin da ya dace da waya shi ne EPUB, wanda aka fitar a 2007. Shi rubutunsa kamar ruwa yake, siffar mazubin da aka zuba shi yake ɗauka. Ka ƙara girman harafi, layuka su sake jeruwa da kansu, babu ja babu turawa. In kana son ganin dalili da idonka, kwafi wani EPUB zuwa kwamfuta, ka sauya ƙarshen sunansa daga epub zuwa zip, ka buɗe. Za ka tarar da babi-babi a jere, kowanne ɗan shafi ne irin na intanet, ga hoton bango a gefe.

Sai dai PDF ɗin ma iri biyu ne, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Akwai mai rubutu na gaske, akwai wanda hotunan shafukan tsohon littafi ne kawai aka ɗauka aka haɗa. Ɗora yatsa kan kalma ɗaya ka danne. In ta yi launi, rubutu ne. In shafin bai motsa ba, hoto kake kallo, ba za ka iya neman kalma a cikinsa ba sai an bi ta kansa da manhajar da ke karanta harafi daga hoto. Tsofaffin littattafan tarihi galibi irin wannan ne, shi ya sa nauyinsu ke kai megabait da yawa, alhali ƙagaggen labari a EPUB sau da yawa bai cika megabait 1 ko 2 ba.

Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Calibre da ke juya PDF zuwa EPUB. Ina amfani da ita, amma ba zan ɓoye maka ba, a littafin tarihi sakamakon ba ya da kyau. Na taɓa juya wani, sai ga lambar shafi da sunan babi sun faɗo tsakiyar jimla, bayanan ƙasan shafi sun cakuɗe da labarin, har na rasa inda marubuci ya tsaya da inda madogararsa ta fara. Littafi mai taswira da jadawali da bayanan ƙasa, gara ka bar shi a PDF ɗinsa ka karanta a kwamfuta. In dole sai waya, kwantar da ita a kaikaice.

Tambaya: Ina zan samu littattafai kyauta ba tare da na ci haƙƙin kowa ba?

Fara da ɗakin karatun intanet mai suna Project Gutenberg. Wani Ba'amurke, Michael Hart, ya kafa shi a 1971, yanzu kuma yana ɗauke da littattafai fiye da 70,000, galibi waɗanda wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare a Amurka. A can, tsohon littafi kan zama na kowa bayan shekara 95 da buga shi. A ƙasashe da dama kuwa lissafin daga rasuwar marubuci yake farawa, yawanci shekara 50 ko 70, don haka dokar inda kake zaune tana iya bambanta.

Mai son bincike zai samu labaran Sherlock Holmes, wanda ya fara bayyana a 1887, da littafin Agatha Christie na farko na 1920. Mai son soyayya ga Jane Austen. Mai tarihi ga aikin Edward Gibbon kan faɗuwar daular Rum, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1776, sai dai a karanta shi da sanin cewa masana sun gano abubuwa da yawa bayansa. Mafi yawan abin da ke wurin da Ingilishi ne, kuma tsohon Ingilishi, wannan kam sai haƙuri. Sabbin labarai na marubutan da ke sakin aikinsu kyauta da kansu kuwa, dandalin Wattpad ya cika da su, musamman soyayya da almara, masu kyau da na banza duk a kwando ɗaya.

Gargaɗi ɗaya. Littafi ba ya zuwa da sunan da ya ƙare da apk ko exe. In ka danna sauke littafi aka miƙo maka irin wannan, manhaja ce ake son ka girka, kuma ba ka san abin da ke cikinta ba. Haka duk manhajar karatun da ta nemi izinin shiga saƙonninka ko lambobin mutanenka. Me ya haɗa karatun labari da lambar ƙanwarka?

Tambaya: Na sayi littattafai a wata manhaja, na sauya waya, na kwafe fayilolin amma sun ƙi buɗewa. Ba nawa ba ne?

Naka ne, ba naka ba ne. Yawancin manyan kantunan littafin intanet izinin karantawa suke sayar maka, fayil ɗin kuma a kulle yake da wani makulli da ake kira DRM, wanda ke ɗaure da asusunka. Kwafe fayil ba ya kwafe mabuɗin. Maganin naka mai sauƙi ne: girka manhajar a sabuwar wayar, shiga da ainihin imel ɗin da ka yi sayayya da shi, littattafan za su dawo, har da shafin da ka tsaya. Mafi yawan masu kawo min wannan kukan, sabon asusu suka buɗe ba su lura ba.

Amma tambayarka ta taɓo abin da ya fi sauya waya girma. A 2009 kamfanin Amazon ya goge wasu littattafan George Orwell daga na'urorin karatu na Kindle na mutanen da suka saya, bayan an gano wanda ya ɗora su ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin ya ba da haƙuri, amma kowa ya ga cewa hannun mai kanti yana kaiwa har cikin aljihunka. A 2019 kuma Microsoft ya rufe kantin littattafansa, littattafan da aka saya suka daina buɗewa, aka biya masu su. Ra'ayina, labarin da za ka karanta sau ɗaya ka wuce, kulle bai dame shi ba. Littafin da za ka riƙa komawa gare shi shekara da shekaru, nemi wanda ake sayarwa ba DRM ka ajiye kwafi a wuri biyu, ko ka sayi na takarda.

Tambaya: Ina karanta littattafan soyayya, ƙannena kuma kullum suna ɗaukar wayata. Yaya zan ɓoye su?

'Yar'uwa, abin ba wuya. A Android, manhajar Files ta Google tana da wata ma'ajiya mai lambar sirri, ki tura fayilolin ciki. Ki riƙe lambar da kyau, in kika manta ta abin da ke ciki ya tafi. Daga Android 15 akwai keɓantaccen sashe da ake ɓoye manhaja ɗungurungum, a iPhone kuma daga iOS 18 ana kulle manhaja da fuska ko lamba. Abin da ake yawan mantawa shi ne sanarwa. Ki kashe ta, in ba haka ba sabon babi zai leƙo saman waya da takensa ɓaro-ɓaro.

Tambaya: Littafin sauraro yana cin data sosai?

Lissafi ne. Sauti mai matsakaicin inganci, kilobit 64 a daƙiƙa, yana cin kusan megabait 29 a awa. Littafin awa 12 ya doshi megabait 350 ke nan. Sauke shi sau ɗaya ka saurara ba tare da intanet ba. Dandalin LibriVox, wanda aka fara a 2005, yana da tsofaffin littattafai kyauta da 'yan sa-kai suka karanta. Muryoyin sun bambanta, wani ka ji kamar kar ya daina, wani kuma barci zai sa ka.

Tambaya: Ina bin wani labarin almara mai juzu'i da yawa. Idona na zafi da dare, sunayen mutanen ciki kuma sun yi min yawa har ina mantawa.

Zafin ido yawanci daga abu biyu ne: haske mai ƙarfi a ɗaki mai duhu, da ƙarancin ƙifta ido idan labari ya yi daɗi. Rage hasken, mayar da bayan shafin ruwan ƙasa-ƙasa, ƙara girman harafi. Likitocin ido suna ba da shawarar duk minti 20 ka kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. In karatunka ya kai awa biyu ko uku kullum, na'urar karatu irin Kindle ko Kobo ta cancanci kuɗinta. Fuskarta ƙwayoyin tawada ne baƙi da fari da ke sauya wuri, ba ta jan wuta sosai sai lokacin juya shafi, shi ya sa cajinta ke kai makonni. Rauninta taswira. Marubutan almara suna son zana ƙasashensu a farkon littafi, a ƙaramar fuska kuwa sunayen garuruwa ba sa karantuwa. Ni nakan ɗauki hoton taswirar in ajiye a waya, in riƙa leƙawa.

Batun sunaye, yi amfani da alamar shafi da ɗan rubutun gefe. Ranar da mutum ya fara fitowa, ja layi a kan sunansa ka rubuta kalma uku a kansa. Akwai kuma wurin nema, amma a yi hattara da shi. Na taɓa mance ko wane ne wani mai aikin lambu a cikin labarin binciken kisa, sai na rubuta sunansa a wurin nema. Manhajar ta jero min duk inda sunan ya fito daga farko har ƙarshe, kowanne da guntun jimlarsa. Idona bai sauka ko'ina ba sai kan layin ƙarshe, inda jami'in bincike ke sa masa ankwa, ni kuwa ina babi na huɗu. In za ka nema, rufe ƙasan fuskar da tafin hannu, ka danna sakamako na farko kawai.