Tambaya da Amsa: Wutar Auren Hindu a Otal ɗin Ƙetare

Tambaya: A fina-finan Indiya ina ganin ango da amarya suna zagaya wuta. In attajiransu suka kai biki babban otal a Italiya ko Tailan, ya ake yi da wutar? Mai karatu, Kano.

Amsa: Malam, wutar ce shaidar auren, ba a barin ta. Ƙaramin kaskon tagulla ake ajiyewa a tsakiyar rumfa mai ginshiƙi 4, a zuba busassun itatuwa da man shanu. A cikin zaure ake samun cikas, don hayaƙi kan tayar da ƙararrawar gobara. Shi ya sa ake kafa rumfar a lambu, ko a karɓi izinin otal a rubuce kafin a biya kafin alƙalami. Sa'ar ɗaurin auren kuwa, malaminsu da agogon garin bikin yake lissafa ta, ba na Delhi ba.