Namu imel yana tafiya, na mutane ba ya shigowa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da iri da taki a Samaru, kuma muna biyan Google kuɗin imel mai sunan kamfaninmu. Tun da wani yaro ya sabunta mana shafin intanet makon jiya, in mun aika saƙo yana zuwa, amma mu ko ɗaya bai shigo mana ba. Wani dillali a Funtuwa ya rantse ya turo. Ina mafita?
Hajiya, daga Samaru

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yadda kika ce fita na yi, shigowa ce ta tsaya, zargina ya fi karkata ga abin da ake kira MX. Layi ne a cikin bayanan DNS (kundin adireshi na intanet) na sunan kamfaninku, wato sunan da ke bayan alamar @. Shi ne kwatancen gida: duk mai turo muku saƙo sai na'urarsa ta duba shi kafin ta san inda za ta sauke. Aikawa kuwa ba ta bi ta kansa. Sau da yawa masu gina shafi kan mayar da DNS gaba ɗaya wurin sabon kamfanin da suka ɗora shafin, su manta da MX, sai saƙonni su riƙa faɗawa can inda ba mai duba su.

Ki sa a buɗe shafin MXToolbox, mai duba MX, a rubuta sunan da ke bayan alamar @ ɗin. Na Google zai nuna smtp.google.com, ko tsohon tsari mai aspmx.l.google.com da 'yan uwansa. In wani abu daban ya fito, to an kama ɓarawon. Yaron ya mayar da shi daidai, ya goge baƙin layukan MX ɗin. Gyaran kan kama cikin sa'o'i kaɗan, wani lokaci ya kai awa 48.

Sannan ki roƙi dillalin ya turo miki ta WhatsApp hoton saƙon da ya dawo masa cewa imel ɗinsa bai isa ba, in akwai. Mutane na share shi ba su karanta ba, alhali a nan bayanin yake. Lamba 550 5.1.1 na nufin babu mai wannan adireshin, 552 5.2.2 kuma akwati ya cika. Duk wadda ta fara da 5 an ƙi karɓa ke nan, dole a sake turowa. Mai farawa da 4 jinkiri ne, na'urar za ta yi ta gwadawa na wani lokaci kafin ta haƙura.

Abin da ya fi damuna, Hajiya: da sunan wa aka yi rajistar sunan kamfanin a intanet? Na sha ganin 'yan kasuwa a Sabon Gari da kalmar sirrinsu ke hannun yaron da ya tafi bautar ƙasa. Ki karɓe ta yau, ki kuma duba ranar ƙarewar rajistar, domin in wa'adi ya cika ba a biya ba, shafi da imel tare suke tsayawa.