Amsa ga Hajiya kan hana fina-finan kashe-kashe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya, na saurari saƙonki, inda kika ce fina-finai da littattafan da ke nuna kashe-kashe su ne ke ƙeƙasar da zukatan yara, gara a hana su baki ɗaya. In na ce zan rubuta amsa abin zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi da baki. A yi haƙuri da ni.

Ni dai a wajena, ba da yawan jini ake gane fim mai cutarwa ba. Akwai wani fim na Amurka da ya fito a 1915, The Birth of a Nation. Ba shi da sauti, yaron yanzu in ya zauna kallonsa barci zai kwashe shi. To amma me ya yi? Ya nuna baƙaƙen fata a matsayin miyagu masu farautar matan fararen fata, sannan ya kawo 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, wato ƙungiyar fararen fata masu ƙin jinin baƙaƙe, a kan dawakai wai su ne masu ceto. A shekarar nan aka sake kafa ƙungiyar, kuma ta yi ta amfani da fim ɗin tana jawo mabiya. Kin ga ɓarnarsa ita ce ya nuna wa mai kallo wanda ya halatta a kashe, har a tafa.

Yanzu ki ɗauki littafin wani Bajamushe, Erich Maria Remarque, wanda ya fito a 1929, aka mai da shi fim a 1930, All Quiet on the Western Front. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, gawa ko ta ina. Akwai wurin da yaron labarin, sojan Jamus, ya ɓuya cikin ramin da bam ya haƙa. Sai wani sojan Faransa ya faɗo cikin ramin, shi kuma don tsoro ya caka masa wuƙa. Mutumin bai mutu nan take ba. Yana ta kakari, ga harbi a sama, ba halin fita. Haka yaron ya zauna da shi awa da awanni, ya ɗebo ruwa ya ba shi, ya ɗaure masa raunin da shi kansa ya yi masa. Da ya cika, sai ya buɗe walat ɗinsa. Ga hoton matarsa da 'yarsa ƙarama, ga wasiƙu, ga sunansa, ga sana'arsa, ma'aikacin ɗab'i ne. Wallahi wanda ya karanta wurin nan, da wuya ya tashi yana sha'awar yaƙi.

Kuma kin san su wa suka fi tsanar fim ɗin? 'Yan Nazi, jam'iyyar Hitler. A Disambar 1930 suka shiga sinima a Balin suka saki ɓeraye, suka ta da hargitsi, har hukuma ta hana nuna shi. A 1933 suka ƙona littafin. Mutanen da ke shirin wani yaƙin fa ke nan, ai ba jini ne ya dame su ba. Abin da ya ƙona musu rai shi ne an nuna abokin gaba mutum ne mai iyali.

Ki haɗa wannan da fim ɗin da jarumi zai zubar da mutane kamar ƙudaje, ba wanda ke da suna, ba uwar da aka nuna tana kuka, ba jana'iza, ya karkaɗe riga ya wuce ana masa kiɗa. Wannan ni ma yana damuna.

Ban ce babu kwaikwayo ba, a nan kina da gaskiya. A 1961 Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya gwada, yaran da suka ga babba yana jibgar 'yar tsana su ma suka hau jibgarta. Sai dai dukan 'yar tsana daban, kisan kai daban, kuma har gobe masana na ta ja-in-ja a kan nisan da ke tsakani. Akwai kuma fim ɗin gaskiya na 2012, The Act of Killing, kan kisan gillar Indonesiya na 1965 zuwa 1966. Ɗaya daga cikin makasan, Anwar Congo, kafin kisan da sayar da tikitin sinima ta bayan fage yake ci, kuma da bakinsa ya ce a fina-finan 'yan daba ya samo salon shaƙe mutum da waya. To, fim ya ba shi salo. Amma sojoji ne suka jagoranci kisan, su suka ɗaure wa irinsu gindi.

Batun hanawa kuwa, an gwada. Daga 1934 masana'antar fim ta Amurka ta tsaurara ƙa'idar da ake kira Hays Code, ba a nuna kisa filla-filla, mai laifi kuma dole ya ga sakayya. Me aka samu? Fina-finan kaboyi, ana harbe 'yan asalin ƙasar suna zubowa daga dawakai, ba ɗigon jini, ba mai tambayar su waye. An cire jinin, an bar kisan, ya ma fi daɗin kallo. A 1968 suka watsar da ƙa'idar suka koma tsarin shekaru, wato wannan na yara ne, wannan sai manya. A nan ina tare da ke ɗari bisa ɗari, Hajiya, ɗan shekara bakwai ba shi da haɗi da labarin ramin nan da na ba ku. Amma ɗan sha bakwai, ni da hannuna zan miƙa masa littafin.